Rasuwar Mbah, Wadda Aka Ce Za a Ba Ta Magani Bayan Sallah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, Pak Wiryo, mai kula da na'urorin kamfaninmu na jiragen ruwan fasinja a Surabaya, yana sanar da rasuwar babbar kwamfutar ofis, wadda kowa ke kira Mbah, wato Kaka. Ta cika ranar Talata da hantsi, kwana huɗu kafin Sallah, ana tsaka da layin masu tikitin tafiya gida.

Marigayiya ta yi shekara tara tana aiki ba ta taɓa neman hutu ba. Na'ura ɗaya ce, amma a cikinta take goyon ƙananan kwamfutoci goma sha huɗu, kowacce da aikinta. Ba ta da magana sai "huuuu" na fankarta, da "ƙit-ƙit" idan nauyi ya yi mata yawa. Wiryo kan ci shinkafarsa da sambal, wato miyar barkono, a gefenta saboda sanyin ɗakin.

Ciwon ajalinta ba ɓoyayye ba ne. Akwai shafin intanet da ake sarrafa ta da shi, aka bar shi a buɗe ga duniya don Bu Retno, manajarmu, tana son leƙawa daga wayarta. Masu manhajar suka sanar cewa shafin yana da ɓaraka: baƙo na iya shiga ba tare da kalmar sirri ba. Suka fitar da gyara kyauta. Abin da Wiryo ya roƙa kawai a bar shi ya kashe Mbah na minti arba'in ya sa mata shi. Bu Retno ta ce, "Haba Pak, a wannan cunkoson? Bari dai bayan Sallah." Bayan Sallah aka ce jira babbar Sallah. Ya rubuta takarda sau shida. Sallah huɗu ta wuce.

Baƙon bai jira Sallah ba. Ya shigo ta shafin, ya kulle 'ya'ya goma sha huɗun duka, har da autar da ke ajiye kwafin sauran, domin ita ma a cikin uwar take zaune.

Ta rasu ta bar fasinjoji dubu bakwai a tasha da jakunkuna da tsarabar iyaye, ba wanda ya san wace kujera ce ta wa. Ta bar Wiryo, wanda aka miƙa wa takardar tuhuma, ana tambayarsa dalilin da ya sa bai taɓa faɗa ba. Wannan tambayar ta fi rasuwar yi masa ciwo.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin na'urori, hawa na biyu. A zo da biro, don da hannu ake rubuta tikiti yanzu. Wiryo ya nemi izinin jana'iza da sayo magajiya. Hukumar kamfani ta zauna, ta yi juyayi, ta amsa masa a rubuce cewa za a duba bayan Sallah.