Kumbon da Ba Ya Fita Ranar Talata

Ka taɓa ganin tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu yana hawa matakala talatin da takwas kullum don ya gaisa da kumbo? To Mai Agogo ke nan. Shekara arba'in da ɗaya yana gyaran agogo a layin shaguna, duk layin da shi ake saita lokaci. Tun da ya ji a rediyo cewa ana iya ganin kumbon, wato tashar sararin samaniya, da ido, ya sayi littafi da jan biro. Mako tara ke nan, da an idar da magariba sai ya haye saman bene, ya zauna tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ya rubuta. Ya gan ta sau hamsin da huɗu. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya ce a gaban jama'a jirgi yake gani. Shi ya sa ya gayyato mutum goma sha ɗaya, har da mai askin, gobe su zo su gani da idonsu.

Yana cikin jera kujeru sai ga jikarsa, mai duba tikiti a filin jirgi, ta hauro tana haki. Yau ne aka mayar da ita aikin safe, ko rigar aiki ba ta cire ba.

"...lafiya lau, Angona, sai dai ƙafata. Kai da gwiwarka ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, me ka ajiye a nan sama?"

"Ji mummunar amarya! Matakala talatin da takwas kin huta sau uku, ina ƙirgawa. Na sake ki tun a ta ashirin."

"Alhamdu lillahi, na huta da dafa ruwan gashin baya. Kujerun nan fa? Sadakar ukunka za a yi tun kana raye?"

"Taki dai. Gobe manyan mutane za su zo ganin kumbo. Zauna, yau ki ga abin da boko bai koya miki ba. Saura minti huɗu."

"Kumbon ma alƙawari kuka yi?"

"Bakwai da minti ashirin. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Mutanen cikinsa sun san darajar lokaci, ba irinki ba."

Ya ɗaga hannu yana kallon agogonsa, yana ƙirga daƙiƙa a fili. Bakwai da ashirin na cika, sai ga wani haske ya ɓullo daga gabas, ta bayan dogon bene.

"Ga shi can! Hamsin da biyar! Kalli yadda yake ƙyafta ja da kore, gaisuwa suke yi. Yi shiru, har ƙararsa za ki ji."

Jikar ta kalli sama, ta kalli kakanta, ta sake kallon sama. Sai ta zame daga kujera ta zauna daɓas a siminti, tana dariya har da riƙe ciki.

"Kaka! Abin da ke nisan kilomita ɗari huɗu kake jin ƙararsa? Kai da sai an yi maka sallama uku?"

"Kunnena yana zaɓen abin da zai ji."

"Wannan kumbon naka kujera ɗari da tamanin ne a cikinsa. Ta sha huɗu ba ta kwanciya, mun gaji da kai ƙara. Bakwai da kwata yake tashi, ni ke rufe masa ƙofa."

"Ƙarya kike, 'yar baƙin ciki. Mai aski ne ya aiko ki. Nawa ya ba ki?"

"Me zai ba ni, shi da almakashinsa ɗaya? Kawo littafin."

Ya miƙa mata da gadara, don littafin nan ko tabo babu: rana, sa'a, minti, kowanne da layinsa. Ta haska fitilar waya tana bi da yatsa.

"Litinin, akwai. Laraba, akwai. Ina Talata?"

"Ran Talata ba ya fita."

"Don me?"

"Gyara suke yi. Kowane inji yana son mai."

"Talata tara, duk ba ya fita. Kaka, ranar hutuna ce! Jirgin ba ya tashi ran Talata. Wato 'yan sama jannati ma sai sun ga na huta suke hutawa?"

"Dacewa ce."

"To wannan fa? Sha bakwai ga wata, tara da minti biyar, ka ja masa layi biyu."

"Ranar ya makara. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar na zauna sauro na cizona. Na yi musu uzuri, tafiyar da nisa."

"Taya aka canza! Ranar wata mata ta zage ni tas har da kakana, ashe tana da gaskiya."

Mai Agogo ya miƙa hannu. Ya karɓi littafin ya duba Talatocin ɗaya bayan ɗaya. Lissafi ne, kuma shi bai taɓa musu da lissafi ba. Ya dubi kujeru goma sha ɗaya da ya aro. A ransa ya hango mai aski a ta gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cewa "Ban faɗa muku ba?" Daga gobe wa zai sake leƙo shagonsa ya tambayi ƙarfe nawa?

"Sai in ce musu zazzaɓi ya kama ni," ya ce a hankali.

"Zazzaɓin ma ba ya kama marasa kunya. Matsa." Ta latsa wayarta. "Na gaskiyan zai wuce yau, takwas da minti biyu. Daga arewa maso yamma, ta saman tankin nan."

"Waya ce za ta gaya mini lokaci? Ni?"

"Ai kai ka gaya mata, mako tara kana yi wa fasinjojina bankwana."

Suka zauna. Minti talatin da ɗaya, ya ƙirga, kuma a ciki ta kira shi mai gadin filin jirgi sau shida. Takwas da minti biyu ya yi tsaki.

"Ina yake? Wayar taki ma..."

"Rufe baki ka ɗaga kai."

Wani haske ne fari tas, ya fi duk taurarin da ke wurin, ya taso ta saman tankin. Ba ja, ba kore, ba ƙyaftawa, ba ƙara. Tafiya kawai yake a miƙe, kamar an ja shi da zare. Mai Agogo ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Hasken ya ratsa tsakiyar sama, ya dusashe, ya ɓace tun bai kai ƙarshenta ba.

"Ya mutu?"

"Inuwar duniya ya shiga. Minti nawa ya yi, sarkin ƙirga?"

Ya dubi agogonsa. Karo na farko a rayuwarsa, ya manta bai duba ba.

"Gobe fa?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Bakwai da sha huɗu, minti biyar zai yi. Ka ce su zo bakwai daidai. Yana ɓacewa da minti ɗaya jirgina zai fito."

"Madalla! Sai in ce wa mai aski, ga nawa ka gani, ga naka can mai ƙyafce-ƙyafce."

"Hamsin da biyar ɗin fa, za ka faɗa masa?"

"Ya tambaya tukuna."

Ya buɗe sabon shafi, ya rubuta ɗaya da jan biro. Ta tsaya a kansa sai da ya ƙara da cewa jikarsa ce ta fara gani. Sannan ya kwance agogon hannunsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ɗaura mata yana dariya.

"Riƙe, na mayar da auren. Yau kin ci."

Ta kara shi da wayarta. "Angona, yana latti da minti ɗaya."

"Wayar ce ke gaggawa! Ɗauki kujerun nan ki juya su arewa, mummuna."

Kai ma gwada. Nemi lokacin da zai wuce ta garinku, ka fita minti biyar kafin nan, ka ba fitilun titi baya. In ya ƙyafta, ko ka ji ƙara, ko ka lura ba ya fita ranar Talata, to ɗaga wa fasinjoji hannu ka ci gaba da jira.