Ranar da Na Wanke Tandar Inna

Ba zan taɓa mantawa da bikin sunan ɗan Yaya Bashir ba, kuma na tabbata limamin unguwarsu ma bai manta ba. Har yau in na shiga shago na ji ƙamshin garin sabulu mai lemon tsami, sai gabana ya faɗi, in fara neman ƙofa.

Ina aji biyu a jami'a a Kalgo lokacin. Ni irin ɗaliban nan ce da ba a jin muryarsu a aji, amma littafinsu ake ara in jarrabawa ta matso. Ina goge hijabina har sau biyu, ina jera takalmana da tsari a ƙarƙashin gado. Abokiyar ɗakina Nafisa ba ta kirana da sunana, sai Malama. Ita ce ta matsa min sai na bi ta gidansu a Gwandu, domin matar yayanta Bashir ta haihu. Na ce ina da gwaji ranar Litinin. Ta ce littafi ba ya ƙin shiga mota.

Mun isa ranar Laraba, suna kuma Alhamis. A gidan akwai kakarsu, Inna, wadda duk unguwar ta san ta da masa. Tandarta ta ƙasa ce, mai gurbi bakwai, baƙa wuluk tana sheƙi. Wurin wata maginiya a Dodoru ta saye ta tun baban Nafisa yana goye, maginiyar ma ta daɗe da rasuwa. Duk wannan daga baya na sani. A ranar, abin da na gani kawai kasko ne da ya daɗe bai ga ruwa ba.

Da la'asar Inna ta toya wa baƙi 'yar masa a madafinta da ke can bayan gida. Ni kuwa kunya ta hana ni zama cikin mata a ɗakin mai jego, sai na raɓe kusa da murhu da littafina. Da ta yi zubin ƙarshe ta miƙe.

"Ɗiyata, wagga taki ce. In ta yi, ki kwashe ki ci. Za ni salla, in leƙa maƙwabta."

Na ce to. Na ce bari in ƙarasa shafi ɗaya. (Duk wanda ya san ni ya san ban taɓa karanta shafi ɗaya ba.) Hayaƙi ne ya dawo da ni duniya. Masa bakwai sun zama gawayi bakwai, kowacce ta manne a gurbinta kamar da ita aka gina tandar.

Mai hankali zai jira Inna ya ce ga abin da ya faru. Ni kuwa da na tuna zan buɗe baki a gaban tsohuwar da yau na fara gani, sai na ji gara in mutu. Na bar tandar ta huce, na ɗauko baho, na zuba ruwa, na juye garin sabulun da na zo da shi don wankin hijabi. Na jiƙa ta awa ɗaya cur, ina duba agogon waya. Na bi gurbi bakwai ɗin nan da soson ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, har jan yumɓu ya fara leƙowa. Na ɗauraye sau uku. Sai da na ɗaga ta na ga ta yi fes, har ma fes ɗin ya yi yawa, sannan wani sabon tsoro ya kama ni. Na kanga ta kusa da garwashi ta bushe, na shafe ta da man gyaɗa, na lakato baƙin gindin tukunya na bi duk inda ja ya fito. Na mayar da ita inda take, na daidaita ta daidai da sawun da ta bari a ƙasa.

Wallahi har wani ɗan alfahari na ji.

Washegari bayan asuba aka hura wuta. Anti Rabi, matar kawun Nafisa, ta kawo ƙullun da ta kwana biyu tana fama da shi, tun daga jiƙon shinkafa har niƙa. Inna ta ɗora tanda, ni kuma aka ba ni aikin jera masa a faranti. Tandar na ɗaukar zafi wani ƙamshi ya taso a hankali. Lemon tsami. A take na tuna darasin da na ci maki mafi yawa a kansa a aji ɗaya: yumɓun da ba a dalaye shi da abin sheƙi ba yana da ƙananan ƙofofi, duk abin da aka ba shi sha yake yi. Na taɓa zana hotonsu ma da jan biro.

Zubin farko ya kama. Inna ta yi tsaki ta ƙara mai.

"Rabi, wanga ƙulli naki ya cika ruwa."

"Inna, yadda kika ce haka na yi."

Na dinga addu'a a zuci wani ya ɗanɗana tun a nan. Amma Inna likita ya hana ta masa saboda ciwon suga, da ido take gane ta nuna. Anti Rabi hannunta na cikin ƙullu. Nafisa na can wajen kwalliya. Ni kaɗai ce bakina ba ya aikin komai, ni kuma na san abin da zan ji. Da hannuna na jera farantin farko, masa talatin, layi-layi, aka fita da shi ƙofar gida wurin maza masu addu'a.

Ba a daɗe ba Yaya Bashir ya shigo da kansa, cikin sabuwar shaddarsa, riƙe da farantin. Masa kusan goma an gutsuri kowacce sau ɗaya an ajiye.

"Inna, liman ya ce in tambaya, wai turare anka sa?"

Wata gwaggo ta gutsura, ta tauna, ta nufi bakin rariya da sauri. "Sabulu! Wallahi sabulu ne!"

Nan take idanu suka koma kan Anti Rabi. Wata ta ce ai ta ga bahon wanki kusa da inda aka jiƙa shinkafa. Wata ta ce dama 'yan zamani roba ɗaya suke komai da ita. Anti Rabi ta rantse, ta sake rantsewa. Danginta sun zo daga Wurogauri, suna zaune a tabarma suna ji. Ta share ido da bayan hannu, domin tafin duk ƙullu ne.

Ni kuwa ba wanda ya kalle ni. Wa zai zargi baƙuwa mai gilashi da ko gaisuwa da ƙyar ake jin ta? Da na yi shiru, da shi ke nan, kuma sai da na yi shirun na ɗan lokaci, Allah ya yafe min. Sannan na yi abin da har yau Nafisa ke kwaikwayo in ta so ba mutane dariya: na ɗaga hannu sama. Kamar a aji.

"Inna, ni ce na wanke tandar."

"Mi tac ce?" Ashe kunnen Inna na hagu ya yi nauyi.

"Na wanke tandar."

"Ku gaya mata ta buɗe baki!"

"NA JIƘA TANDARKI A SABULU!"

Yaya Bashir ya ce har ƙofar gida an ji. A iya sanina, ita ce magana mafi ƙarfi da na taɓa yi a rayuwata.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta sauke tandar, ta kai yatsa cikin gurbi ɗaya ta murza, baƙin tukunyata ya biyo yatsan, ja ya bayyana. Sai ta juya ta ce, "Rabi, yi haƙuri, mun ɗauki alhakinki." Aka aro tandar ƙarfe a maƙwabta, ƙullun Anti Rabi ya tashi lafiya lau, aka ci suna.

Da yamma na je na durƙusa, na tambaya ko tandar ta mutu ke nan.

"Ban sani ba," in ji ta. "Baƙin da kika kankare ba dauɗa ba ne, mai ne na shekara da shekaru. Ba a sa mata sabulu. In masa ta kama, a bari ta huce, a kankare da tsinke, a goge da tsumma mai mai. Ke kika shayar da ita, ke za ki sa ta amayar."

Haka na koma 'yar hanyar Kalgo zuwa Gwandu duk Asabar. A tafasa ruwa a gurbinta a zubar, a sake. A gasa ta a wutar kara, a shafe ta da mai, a toya masar gwaji. Kuma wa zai ɗanɗana? Ni. Asabar ta farko sabulu zalla na ci. Ta biyu, sabulu da ɗan alamar shinkafa. (Na buɗe wa aikin shafi a bayan littafina, da kwanan wata da yadda ɗanɗano yake. Inna ta gani ta yi dariya har da tari.)

A Asabar ta biyar masa ta juyu da kanta, ba ta kama ba. Na ci ban ji komai ba, amma na kasa yarda da harshena. Inna ta waiga ta ga ba mai kai wa likita rahoto, ta gutsuri 'yar ƙarama ta tauna a hankali.

"Saura kaɗan," ta ce. "Nan da shekara ashirin ta koma yadda take. Mai Lemo, juya waccan, ga ta nan za ta ƙone."

Sunan ya bi ni har makaranta. Abin da na koya kuwa, ba duk baƙin da na gani a kayan mutane ba ne yake jiran in zo in wanke. Yanzu ko kofin shayi zan ɗauraye a gidan wani, sai na fara tambaya. Da ƙarfi, yadda kunnen hagu ma zai ji.