Yadda Za Ka Sa A-kori-kurar Surukinka Ta Rusuna

Ɗan'uwa, in har yau surukinka bai taɓa kiran sunanka ba, kullum sai "kai, mijin Lamyai", to share hawayenka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci zai kira shi da ƙarfi, duk ƙauye na ji. Maƙwabcina Buntham ya gwada, ya ga aiki da cikawa.

1. Zaɓi lokacin da bai dace ba

Bari sai ana jibi ƙanin matarka zai shiga zuhudu, wato ya bar harkar duniya ya tare a haikali, bikin da surukarka ta tsufa tana jira. A-kori-kurar surukinka Baba Thongbai ce za ta kai shi haikali, kai ne direba. Ce za ka kai ta wanki, ka zarce gareji.

2. Kori sandunan

A ƙarƙashin gaban motar akwai sandunan ƙarfe biyu masu murɗuwa su ɗauki nauyi. Tun kafin a haifi matarka suke dakon rogo ba su taɓa ƙorafi ba. Laifinsu ke nan, ba sa jawo kallo. Cire su, ka sa shokozoba mai naɗe da sifirin, ja wur, irin na samarin birni.

3. Kada ka saurari bakanike

Sawai bakanike ya juya sifirin ɗin a hannu ya ce, "Yaya, wannan fa na ƙaramar mota ne. Injin zai danne shi."

"Kai dai yi walda," in ji Buntham. "Ka taɓa ganin jan abu ya gaza? Ƙara sauke ta ma, so nake ko kyankyaso sai ya duƙa kafin ya wuce."

Masana sun tabbatar, bakanike tsoro ya sani, kai kuwa ado ka sani.

4. Rufe bakin matarka da fure

Rataya sarƙar furanni a madubi don aljanar mota ta yafe maka. Lamyai za ta fito ta riƙe ƙugu: "Yaya, me ka yi wa motar Baba? Ta koma kwaɗo!" Ce mata zamani ne, ka shige wanka.

5. Ji daɗin ranarka

Wayyo, ranar nan Buntham ya sha daɗi! Kiɗa na tashi, gwaggonni na rawa a gaba, ga ƙanin Lamyai, Prasit, an aske shi tas, cikin farin kaya a bayan mota. Da Buntham ya taɓa birki sai motar ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Wata tsohuwa ta yi shewa: "Motar nan ta fi direbanta ladabi!" Buntham sai washe baki yake kamar shi aka yaba.

A ƙofar haikali akwai ɗan tudun siminti. Nan motar ta yi rusunawar ƙarshe, bamba a ƙasa, ba ta ƙara ɗagowa ba.

6. Duƙa kai ma

A al'adarmu ƙafar mai shiga zuhudu ba ta taɓa ƙasa sai a ɗakin ibada, ga shi Prasit bai taɓa ɗaga wa shinkafa ƙafa ba. Kiɗa ya tsaya. Idon surukar Buntham ya ciko da hawaye. Baba Thongbai ya dubi bamba, ya dubi surukinsa, ya daka tsawa: "Buntham! Zo nan, Buntham, duƙa!"

Ya duƙa, aka ɗora masa Prasit a wuya, kiɗa ya dawo. Gwiwoyinsa na rawa, gwaggonni suka ɗauka salo ne suka kwaikwaya. Ya zagaya da shi ɗakin ibada yana kukan daɗi, don da kunnensa ya ji sunansa.

Gargaɗi: ba ruwana da bambarka, ƙugunka ko aurenka. Suna na yi alkawari, kuma an kira. Har yau Baba Thongbai na kiransa kowace safiya, domin mota na gareji, rogo kuwa ba ya kai kansa kasuwa.