Ranar da Aka Yi wa Miyata Addu'a

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a majami'armu ta Luggere ba. Lokacin ne tashin hankali ya koro mutane daga wajajen Michika da Madagali zuwa Jimeta. Harabar majami'ar ta cika da mata da yara, kowa da ɗan ƙunshinsa, wasu ma ko ƙunshin babu.

Ni malamar makaranta ce, kuma a Zumuntar Mata ni ce mai alƙalami. Duk wadda ta kwanta ciwo ko aka yi mata rasuwa, ni nake rubuta mata takardar ƙarfafa zuciya. An yi ta yabona har kaina ya kumbura (gaskiya na fi son yabon a kan aikin). Ga zaɓen magatakarda ya kusa, idona kuma yana kan kujerar. Saboda haka da Uwar Zumunta, Mama Rifkatu, ta ce ni zan ja nazarin Littafi Mai Tsarki tare da baƙinmu, sai na ce a raina, lallai matan nan za su ji rubutu.

Kwana uku ina rubutu a kan haƙurin Ayuba, shafi huɗu cur. An taɓa koya mini cewa mai koyarwa nagari yakan kawo misali daga rayuwarsa, don haka na duba tawa sama da ƙasa ina neman wahala. Abin da na samo shi ne, a makon da ya wuce an ɗauke wuta kwana huɗu, miyar agushina ta lalace a firji.

Na sha zanen zumunta, na kafa ɗauri, na miƙe. "'Yan'uwa," na ce, "ni ma na san gwaji." Na karanta labarin miyar nan tiryan-tiryan, har da rawar murya, sai ka ce ƙanwar Ayuba ce ke magana. Sai da na kai ƙarshe na ɗaga kai. A gabana Mama Saratu ce zaune, tsohuwar da ta yi kwanaki tana ratsa duwatsu a ƙafa da jika a baya, ba ta ma san inda mijinta yake ba. Da wata ta yi dariya, da na ji sauƙi.

To, a Zumunta muna da al'ada: wadda ta faɗi damuwarta ba ta zama sai an kewaye ta an yi mata addu'a. Mama Saratu ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ku tashi mana," ta ce wa sauran. "Malama ya yi asara."

"Mama, ai misali ne kawai..."

"Durƙusa, 'yata. Kifi nawa a ciki?"

"Uku," na ce, muryata kamar ta sauro.

"Kai, uku! Sannu."

Haka na durƙusa, matan da suka bar gidajensu da gonakinsu suka ɗora mini hannu. Mama Saratu ta roƙi Ubangiji ya ta'azantar da ni, ya mayar mini da abin da na rasa, ya kuma dawo da wuta. Babu ba'a ko kaɗan a muryarta, abin da ya fi kashe ni ke nan. Na saci kallon Mama Rifkatu, na gan ta ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta na rawa. Aka buga tulun kiɗa, aka rera waƙa, duk don miyata. Kunya kamar in nutse.

Ranar Lahadi Mama Saratu ta tare ni a bakin ƙofa, ta damƙa mini ƙullin busasshiyar kuɓewa daga ɗan abin da aka raba musu. "Wannan ba ruwan shi da wuta," ta ce. "Ko an ɗauke shekara, ba zai lalace ba." Nan na yi kuka na gaske, ba irin na karatu ba.

An dai zaɓe ni magatakarda (ina zargin tausayi ne), amma har yau Malama Mai Miya ake kirana. Ina nan ina rubuta wa mata, sai dai yanzu nakan zauna in ji bakinsu kafin in ɗauki biro. In kuwa aka ce a kawo misalin wahala, nakan gyara ɗaurina in yi shiru, in bar wa masu ita.