Zabon Inna Dije

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da zabo ya hana ni zuwa Yamai.

Ni ma'aikacin jinya ne a ƙaramin asibitin Ɗan Kassari. Allura, awon ciki, wankin gyambo, shi ke nan rayuwata, har ranar da wani abokin karatuna ya saka ni cikin wata ƙungiya ta ma'aikatan lafiya masu taimaka wa binciken gwajin magunguna. A lokacin ana shirin gwada wani sabon maganin masassara na yara a yankinmu, kuma an ce za a zaɓi mutum biyu daga cikinmu su je Yamai su sami horo. Duk wanda ya je, ya zama ɗan bincike, ya bar wankin gyambo. Tun daga ranar na sa raina.

Ban taɓa fashin taro ba. Nakan hau kabu-kabu har Dogon Dutsi, in zauna a kujerar gaba, in riƙa gyaɗa kai ko ban gane ba. Na haddace manyan kalmomin Faransanci ina jefa su ko a wajen mai shayi. (Shi ma ya fara kirana lokotoro, wato likita, ni kuwa ban hana shi ba.)

Ƙa'idar gwajin mai sauƙi ce. Wasu yara za su sha sabon magani, wasu su sha tsohon da aka saba, kuma na'ura ce ke jefa ƙuri'a. Kwalaben iri ɗaya ne. Iyaye ba su san wanne aka ba ɗansu ba, mu ba mu sani ba, likitar da ke jagorantarmu ita ma ba ta sani ba. Da haka ake gane ko sabon ya fi tsohon da gaske.

Na san duk wannan sarai. Amma a wajen wani suna, Inna Dije, ƙanwar mahaifiyata, ta tare ni a gaban mata ta ce tunda ina ciki, in tabbata jikanta Sani ya sami sabon. A wajenmu kuwa ba a ce wa babba a'a, balle ana kallonka kamar wani babban mutum. Da na ce "to" na yi shiru, da da sauƙi. Sai bakina ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki, ai ni ke raba shi."

Na manta da maganar kafin in gama cin tuwon sunan.

Ranar babban taro da masu gari da limamai, likitar ta ce ni zan yi bayanin ƙuri'ar da Hausa. Kowa ya san ma'anar wannan: sunana na kan hanyar Yamai. Na sa farar riga mai guga, na tsaya gaban jama'a, na buɗe murya. Na ce a wannan aiki babu alfarma, babu sanayya, ko ɗan gwamna ne sai abin da ƙuri'a ta ba shi. Har wani maigari ya ce madalla.

Ina cikin haka ƙofa ta buɗe. Inna Dije ce, da zabo a hammata an ɗaure masa ƙafafu. Ko kallona ba ta yi ba, ta nufi teburin manya.

"Ke ta lokotoro?" in ji ta. "Ga shi, ɗiyata, ba yawa. Ɗan nan yac ce shi ka raba maganin, amma nic ce a gai da babba tukun. Sani dai a ba shi sabon. Da na Hajo guda biyu, da na gidan liman, duk sun ce in faɗi."

Limamin yana zaune a layin gaba. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Zauren ya yi tsit, in ban da zabon. Ni kuwa ina tsaye da hannuna a sama inda maganar ɗan gwamna ta bar shi. Kunya ta rufe ni.

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta ba Inna kujera, ta ce, "Inna, ko ni ban san wanda zai sha wanne ba. Ba mu ma san ko sabon ya fi ba, shi ya sa ake gwadawa."

Sai a lokacin Inna ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To shi wanga, mi shika yi nan?"

Ta ɗauki zabonta ta fita.

Wasu ne suka tafi Yamai. Ni aikin da aka ba ni shi ne in bi gida-gida a unguwar Inna in warware abin da na ƙulla, don an tarar rabin matan sun yarda ne bisa alkawarina. Wasu suka janye yaransu, kuma haƙƙinsu ne. Ba a kore ni daga ƙungiyar ba, har yanzu ina zuwa, amma a kujerar baya.

Duk sanda aka ɗauki sababbi, likitar takan gargaɗe su kada su yi irin ta mai zabo. Sukan yi dariya, wani ya taɓo ni ya ce wai wane ne haka. Nikan ce wani ne can baya.

Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" ma amsa ce, kuma ta fi arha. Yanzu ko hanyar kasuwa Inna ta tambaye ni, sai na yi tunani kafin in ce na sani.