Yadda Ake Shiga Motar Kwasar 'Yan Baya da Mutunci

Ina tabbatar maka, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka je gudun ƙarshen mako na wurin shaƙatawar nan na Orlando, ka dawo gida da lambar yabo a wuya da hotuna cike da waya, ba tare da ƙafarka ta taɓa layin ƙarshe ba. Ba a littafi na karanto ba. Ni Wendell, mutumin Macon, da jikina na jarraba, kuma har yau in zan sauko daga bene cinyoyina suna ba da shaida.

Ka dai san dokar wurin. Can bayan kowa akwai mata biyu masu tafiya da balan-balan ɗaure a ƙugu. Ba sa gudu, ba sa tsayawa, ba sa fushi. Duk wanda suka wuce, motar kwasar 'yan baya ta ɗauke shi, gudunsa ya ƙare ke nan. Masu koyar da yadda ake tsere musu sun cika intanet. Ni yadda ake faɗawa hannunsu zan koya maka.

Mataki na 1: Nemi wanda za ka zama gwaninsa

Gwaninta ba ta yiwuwa sai da ɗalibi. Ni yayata Loretta na samu. Ta haura sittin, an sa mata sabuwar gwiwa, kuma tun da danginmu suka kamu da ciwon wannan gudu, ita ce mai tsayawa bayan shinge tana yi mana tafi. Wata Lahadi muna cin abinci bayan coci, ta ajiye cokali ta ce, "Auta, na gaji da kallon layin nan daga waje. Sau ɗaya nake so in ratsa ta cikinsa da ƙafata, kafin ɗaya gwiwar ma ta yi murabus."

Rabin gudun famfalaki take nufi, mil goma sha uku da ɗoriya. Likitanta ya ce sau ɗayan nan kaɗai ya yarje mata, bayan shi sai iyo da yawon bakin gida.

To a nan sai ka bugi ƙirji. Ka ce, "Yaya, ki bar komai a hannuna. Ni da ke za mu tsallaka layin nan hannu cikin hannu." Kada ka tuna mata cewa iyakar abin da ka taɓa yi shi ne ɗan gudun mil uku, wanda har masu tura keken jarirai suke gamawa suna hira.

Mataki na 2: Yi atisaye da baki

Ita za ta riƙa fita kowace safiya tana zagaye unguwa, ta ɗan ruga, ta ɗan taka, agogon hannunta yana yi mata ƙara. Ƙyale ta. Kai ka shiga zaurukan intanet na masu wannan gudu ka samo ra'ayi a kan komai: ko lambar bana ta fi ta bara ƙanƙanta, ko ayabar da aka raba ɗanya ce, ko wanda ya tsaya cak a tsakiyar hanya bai ɗaga hannu ba ya cancanci a gaishe shi. Akwai matar da na yi mako muna musu da ita a kan safa.

A can ne na ga wani ya rubuta cewa gudu a zuciya yake, ba a ƙafa ba. Nan take na yarda da shi, don zuciyata ba ta taɓa ciwon gwiwa ba.

In ta bugo waya ta ce, "Auta, yau mil nawa ka yi?" ka amsa da natsuwar masana: "Yaya, yau ranar hutun tsoka ce."

"Tsokar nan taka ta fi ɗan fansho hutawa," in ji ta. Kada ka tanka. Ɗalibi ba ya gane malaminsa da wuri.

Mataki na 3: Zaɓi shiga mai nauyi

Ba a zuwa wannan gudu da gajeren wando kamar an aike ka sayen madara. Za ka ga gimbiya mai gemu, da 'yan fashin teku, da wanda ya zo a matsayin kwandon shara kuma aka fi yi masa tafi. Loretta siket mai ƙyalƙyali kawai ta saya. Ni kuwa shigar kada na yi, cikakkiya: riga ta bargo tun daga wuya har idon sawu, da safar hannu mai farata, da jela cike da soso.

Ka sayi kayan a Macon ranar da ake sanyi, ka gwada gaban madubi, ka ji daɗin kanka. Ka manta cewa Florida, jihar da Orlando yake, ba ta bin kalandar kowa.

"Za ka dahu a cikin abin nan," ta ce.

"An yi hasashen sanyi, Yaya."

"Wa ya yi hasashen? Kai?"

Mataki na 4: Kashe ƙafarka tun jajibiri

Tunda ka shigo wurin shaƙatawa, ai ba za ka koma ɗaki ba tare da ka hau kowane lilo ba. Ka yini a tsaye cikin layi. Ka sayi ƙatuwar cinyar talotalon nan da suke gasawa, ka bi ta da taliya faranti biyu, ka kira shi tanadin ƙarfi. Yayarka tana can ɗakin otal tun la'asar, ƙafa bisa matashi. Ka tausaya mata, ba ta san daɗin wurin ba.

Mataki na 5: Kada ka wuce layin hoto ko ɗaya

Da asuba za a kasa ku rukuni-rukuni cikin shinge kamar awaki ranar kasuwa, ku kuna na ƙarshe. Kowane rukuni ana harba masa tartsatsin wuta in zai tashi. Kafin a zo kanku, na gaba sun yi nisa, kai kuma zufa ta fara tsiyaya cikin bargo tun ba ka ɗaga ƙafa ba.

Da farko komai lafiya. Loretta tana bin agogonta, ba sauri ba nawa. Sai ga Kyaftin Zomo a gefen hanya da hularsa ta jirgin ruwa, mutane sun yi layi ana ɗaukarsu hoto da shi. Ka ja birki.

"Auta, ba mu da wannan lokacin."

"Yaya, ai hoton shi ne gudun. Mun ba matan nan rata mai yawa."

Za ta tsaya, don ita ce ta riƙa riƙe hannunka zuwa makaranta, kuma ba ta taɓa barin ka a hanya ba. Ka yi amfani da wannan. Ka sake tsayawa a gaban fadar gimbiya. Ka tsaya wajen mai busa ƙaho. Da cinyar talotalon jiya ta fara neman hakkinta, ka ƙi banɗakin roba na bakin hanya, ka ce sai na gini, kamar yadda gwanayen intanet suka koyar. Babu wanda ya rubuta a intanet tsawon lokacin da kada ke ɗauka kafin ya tuɓe.

A wurin raba ruwa kuma ka bar jelarka ta ja ƙasa. Soso ba ya wasa da ruwa. Daga nan zuwa gaba kana jan wani abu mai nauyin ɗan akuya.

Mataki na 6: Kada ka waiwaya

Akwai inda kiɗa ke ƙarewa, a fito da ku daga cikin wurin zuwa babban titi. Ba zomo, ba gimbiya, sai kwalta da rana da gada mai hawa. A nan cinyoyina suka fara gogar juna har na ji kamar an zuba barkono. Numfashina ya koma na tsohon injin yankan ciyawa.

Sai magana ta taso daga baya, baki zuwa baki: "Ga su nan! Ga su nan!" Wata gimbiya ta cire kambinta ta riƙe a hannu ta ƙara mai. Na ce kada ka waiwaya. Ni na waiwaya.

Duk shekarun da na yi ina jin labarinsu, na ɗauka wasu ƙattai ne. Wadda ta iso kusa da ni 'yar tsohuwa ce mai furfura, an rubuta Miss Patsy a rigarta, tana murmushi irin na masu raba alewa a coci.

"Ɗana, ɗan taka mana," ta ce. "Ba na son in wuce kada da sanyin safiyar nan."

"Ranki ya daɗe, ba za ki ɗan sassauta ba?"

"Da ina iyawa da tuni na yi. Agogo ne ke tafiya da ni, ba ni ke tafiya da shi ba."

Loretta ta cafke hannuna ta cikin safar nan mai farata, ta shiga ja. Na dube ta. Numfashinta daidai, idonta a gaba, gwiwar tana aiki. Ita da sauran ƙarfinta. Ni ne nake cinye mata shi, taku bayan taku.

"Yaya, ki tafi."

"Kai ka ce hannu cikin hannu."

"Ai kin san bakina."

"Na san shi tun ba ka da haƙori. Taka dai, kada ka sa in ɗauke ka."

Ba wasa take ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a kan wani gudu. Na ga sarai za ta rage tafiya daidai da tawa har balan-balan ya wuce mu tare, ta zauna kusa da ni a mota, ta ce ba komai, kuma ba za ta sake ɗaga maganar ba har abada.

Mataki na 7: Shiga da ƙafarka

Wannan shi ne sirrin duka, ka buɗe kunne. Muddin kana kan titi ba za ta bar ka ba. Saboda haka sai ka bar titin.

Motar tana nan a gefe, ƙofa buɗe, tana jiran nata. Na zare hannuna daga cikin safar, na bar ta riƙe da faratan kada, na ratse, na hau da jelata tana ɗiga a kan matakala. Ba wanda ya ce in hau. Mutuncin ke nan, kuma iyakarsa ke nan.

"Wendell!" Rabon da ta kira ni da sunana tun ina yaro na fasa mata madubi.

Ta juyo. Ta yi taku biyu zuwa motar. Na leƙo ta taga na kwarara ihu: "Yaya, in kin hau motar nan, na rantse sai in sauka in kwanta a titi! Tafi!"

Miss Patsy ta taɓa mata gwiwar hannu. "'Yar'uwa, gabana za ki taka, ba gefena ba."

Loretta ta harare ni harara mai kyau. Sannan ta juya ta bi agogonta.

Mataki na 8: Ladabin cikin mota

Kada ka gaisa da ƙarfi. Kada ka ce "ai mun yi ƙoƙari". Wasu kuka suke, wasu suna gaya wa waya cewa ƙafa ce ta gurɗe. Wani dattijo mai fukafukan aljana a baya, Gus, ya matsa mini.

"Karon farko? Zauna nan, iskar sanyi ta fi zuwa ta wannan gefe. Ni a nan nake zama duk shekara."

"Ba ka jin kunya?"

"Ina ji mana. Amma ina ji a zaune."

A filin ajiye motoci za a buɗe kwali a miƙa muku lambar yabo, irin ta kowa sak, da ayaba. Ka karɓa, ka yi godiya. Ayabar ɗanya ce, mutanen intanet sun yi gaskiya.

Mataki na 9: Yanzu sai ka yi gudu

Daga inda mota ta sauke mu zuwa shingen layin ƙarshe akwai tazara, kuma wannan ne gudun gaskiya guda ɗaya da na yi a ranar. Na rungumi jelata a hammata na sheƙa. Na isa na tarar jama'a ta ragu, mai sanarwa muryarsa ta dushe, masu shara sun fara naɗe kaya.

Balan-balan na fara hangowa a kwana, don su ne a sama. Na duba ƙarƙashinsu ban ga kowa nawa ba, na ce shi ke nan, na kashe mata abinta saboda hoton zomo. Sai wani ƙato mai shigar ɗan fashi ya kauce, ga siket mai ƙyalƙyali a bayansa. Tana ɗingishi, baki a cije, tsakaninta da Miss Patsy bai fi tsawon tabarma ba.

Ban san me na riƙa faɗa ba. An ce mini kada ne ya riƙe shinge yana kururuwa, yara suna ɓuya bayan iyayensu. Ta taka layin. Aka rataya mata tata lambar.

Da ta iso wurina sai da ta fara daka mini duka a ka, sannan ta jingina goshinta a kafaɗata, cikin bargon nan mai warin zufa.

"Yaya, ya abin yake daga ciki?"

"Ban ga komai ba, Auta. Hawaye ne kawai."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin saɓewar cinya, ko faɗuwar farce, ko jelar da ta yi tsami a cikin akwati, ko kunyar da za ka sha da yamma in baƙi suka ga lamba a wuyanka suna ce maka barka. Ka nuna musu yayarka ka yi shiru. In kuwa ka bi matakan nan daki-daki, ka hau motar, sai taka yayar ta ƙarasa taku na uku ta biyo ka ciki, kada ka neme ni, ban san maganin wannan ba. Ni ma in na tuna tawa ta yi taku biyu zuwa motar, ko abinci nake ci ajiye cokali nake yi.