Buhu Biyu da Fuskar Wayar Inna Asibi

Ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na wuni a layin taki a Ƙanƙara, tun hantsi har la'asar sakaliya, kuma ba don kaina ba. Ni nawa takin na haƙura da shi tun shekarar da aka rubuta sunana a juye aka ce in je in kawo shaidar cewa ni ne ni. Rakiya na yi wa Inna Asibi, wadda gonarta ke kan iyaka da tawa a Pauwa. Tsohuwa ce ta haura sittin, da hannunta take noma tun rasuwar mijinta, kuma ba ta yi boko ba, shi ya sa duk abin da ya haɗa ta da hukuma ni take ja. Masararta ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara yin rawaya. Wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san fassarar wannan: ko taki ya shiga cikin mako guda, ko a yi girbin kara. Masarar nan kuwa ita ce tuwonta na shekara.

Bana dai manyanmu, Allah ya ƙara musu tausayi, sun ce sun gaji da ganin ana cutar manoma wajen rabon taki da takarda. Sai suka kawo sabon tsari mai suna Taki a Tafin Hannu. Za a turo maka wani ɗan tambari a waya, mai kusurwa huɗu, cike da ɗigo-ɗigon baƙi kamar kashin ƙuda a bayan kwano. Ka je ka nuna wa na'ura, ta yi ƙara, a ɗora maka buhu biyu. Ba ɗan uwa, ba ɗan gida, ba na-san-wane. Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfa bakwai, an yanka sa, Mai Girma Shugaban Kwamiti ya haska wayarsa a gaban masu ɗaukar hoto, na'ura ta amsa nan take, aka yi ta tafi. Ni sai ranar na san ashe shi ma manomi ne.

Inna Asibi tana da waya, kuma babba mai shafawa. 'Yarta Esther da ke aikin asibiti a Funtuwa ce ta kawo mata bara, don ta riƙa ganin fuskar jikokinta. A haɓar zane take ɗaure ta, tare da makullin rumbu da ɓarin goro, ta je gona da ita, ta je rijiya da ita. Idan ka dubi fuskar wayar sai ka rantse kaji sun yi tono a kai. Tambarin ya shigo lafiya lau, ni na gani da idona, ko da yake sai da na karkata ta na ƙanƙance ido.

Da layi ya zo kanmu, Yallaɓai Mai Na'ura ya karɓi wayar da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ya haska sau ɗaya, ya haska sau biyu, ya goge ta a hannun rigarsa ya sake haskawa. Na'ura ta yi gum. Ya miƙo mata abinta, ya ce fuskar ta karce, na'ura ba ta ganin komai, ta matsa a ba na baya wuri.

Na sa baki. Na ce ga katin shaidarta, ga tambari, ga kuma mutum tsaye da ƙafafunta. Na tuna masa cewa shi ɗin ɗan wajen Pauwa ne, mahaifiyarsa a hannun tsohuwar nan take sayen daddawa tun yana yawo ba wando. Bai musa ba, Allah ya sani. Ya dube ni da idon tausayi ya ce:

"Malam Gide, ni na san ta. Na'ura ce ba ta san ta ba."

Daga nan ya nuna mana mafita da leɓe. A bakin ƙofa, ƙarƙashin wata lema, wani bawan Allah mai suna Shamsu ya baza tebur yana sayar da gilashin kariya, wanda masu waya ke kira sikirin gad. Yallaɓai ya ce a liƙa mata shi, fuskar za ta washe. Ba zan ɗauki alhakin kowa ba, amma hancin Shamsu da na Yallaɓai maƙeri ɗaya ya ƙera su. Kuma layin Shamsu ya kusa kai na takin tsawo, don manomi ba ya rayuwa da waya mai santsi.

A nan ne laifina ya shigo, gara in faɗa da bakina. Inna Asibi ta dube ni ta ce, "Malam, mi ka gani?" Ni kuwa, mai rubutu a jarida, wanda ake kawo wa wasiƙa ya karanta, na gyara hula na ce ai maganar Yallaɓai gaskiya ce, haka kimiyya ta ce. Ban san kimiyyar komai ba. Kunyar in ce ban sani ba ce ta kama ni. Ba ta zo da ko sisi ba, don haka muka koma gida, washegari ta kama kazarta mai ƙwai ta kai kasuwa.

Da safiyar Talatar na kai ƙarar wayar teburin Maharazu mai shayi, inda ake yanke hukuncin duk abin da ya gagari duniya. Maharazu ɗan gaba-dai-gaba-dai ne a ɓangaren gilashi. Wayarsa gilashi biyu ya liƙa mata, ɗaya kan ɗaya, har sai ya danna da ƙarfi kamar mai murza tuwon ƙasari kafin ta ji. A cewarsa, barin waya ba gilashi daidai yake da fita gona ba takalmi. Jabiru ɗan acaɓa, wanda ke zirga-zirga tsakanin Faskari da Sabuwa, ya ce duk ɓarnar kuɗi ce. Ya ce a hanyar Sabuwa rami ɗaya ya ishe ka, gilashin da wayar da haƙorinka na gaba tare za su tafi. Ya ƙara da cewa mu ma gata gare mu da har tambarin ya shigo, don wani abokinsa a Ruwan Godiya sai da ya hau kan tsamiya ya ɗaga hannu sama kafin saƙon ya same shi, da ya sauko kuma caji ya ƙare. Aka yi ta musu har shayina ya huce. Ba wanda ya kawo tambayar da ta kamata, wato ko gilashi yana warkar da karcen da ya riga ya faru. Ni ma ban kawo ta ba.

Laraba muka koma. Shamsu ya hura wa wayar iska, ya goge da wani ɗan ƙyalle, ya liƙa gilashi, ya danne da babban yatsa. Kumfar iska ta taru a ƙarƙashi wuri-wuri, ya ce kada mu damu, da kanta za ta fita. Muka sake bin layi awa uku. Na'ura ta sake yin gum. Karcen yana nan daram, sai dai yanzu yana cikin gilashi kamar hoton biki. Yallaɓai ya juya wayar ya ce wannan ai ƙaramin gilashi ne, akwai babba ɗan waje, shi ne na'ura ta fi so. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma rabin ɓacin da kaina nake. Na ja hannun tsohuwa muka fita ba sallama.

Bayan tasha akwai Mas'ud mai gyaran waya, mutum mara yawan magana. Na ce ya duba ko za a canza fuskar gaba ɗaya, ko da zan sayar da nawa zakaran. Ya sa reza ya ɗaga gilashin Shamsu ya ajiye gefe. Ya kai wayar bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana kallon kusurwarta, sannan ya sa farce ya fara ƙwaƙular gefen. Caraf Inna Asibi ta riƙe masa hannu.

"Kai ɗan nan, kada ka ɓare mani ledar."

Na ce wace leda kuma?

"Ledar kanti mana. Haka Esta ta kawo ta. Na bar ta ne don in ta taho Kirsimati ta iske abinta sabo, ta san ban wulaƙanta kyautarta ba."

Jama'a, ashe shekara guda ledar da kamfani ya rufe fuskar da ita ce ke shan makulli da goro. Fuskar wayar ko ƙwarzane ɗaya ba ta da shi. Da Yallaɓai mai takardun makaranta, da Shamsu gwanin gilashi, da ni mai kimiyya, mu uku muka juya wayar nan kwana uku, ba wanda ya sa farce. Na tambaye ta don me ba ta faɗa ba tun Litinin. Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ku dai kuna ta magana bisa kaina." Na rasa inda zan sa fuskata.

Ban ga laifinta ba, don halinmu ne duka. Mu ne za mu sayi babur mu bar leda a kujera har ta zama tsumma, don kada a ce ya tsufa. Manyanmu ma ba su bar mu a baya ba. Akwai taraktocin da aka kawo wa manoma shekara uku da suka wuce, suna nan a bayan wani shinge da ledarsu a kujera, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyi. Duk wanda ya ce ba a kula da dukiyar jama'a ya je ya gani, ko ƙura ba a bari gona ta sa musu ba.

Da ƙyar ta yarda. Ta runtse ido Mas'ud ya ɓare ledar, ta karɓa ta ninke ta ɗaure a haɓar zane. Wayar ta fito tana sheƙi, tambarin ya fito raɗau. Muka hau babur muka koma, na roƙi na gaba suka ba tsohuwa hanya. Yallaɓai ya haska sau ɗaya tak, na'ura ta yi ƙara. Har wasu a layi suka yi mata barka. Ni kaina na fara lissafin yadda za mu ɗaure buhu biyu a babur ɗaya.

Sai na ga Yallaɓai ya tsaya yana karanta abin da na'ura ta rubuta, yana sosa ƙeya. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta da kaina. Na'ura ta gaishe da Asibi da cikakken sunanta, ta yi mata godiya, ta ce ai ta riga ta karɓi buhunta biyu tun ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe.

Ranar Litinin aka buɗe rabo. Ranar Lahadi da ƙarfe goma kuwa Inna Asibi tana coci a Pauwa, mutum hamsin za su shaida, ita ce ma ke jan waƙa. Na faɗa wa Yallaɓai haka. Na ce na'urar da ta kasa gane ta ranar Litinin da waya a hannu, yaya aka yi ta gane ta ranar Lahadi ba ita ba wayar? Ya ce shi dai na'ura ba ta ƙarya, shi ya sa ma aka kawo ta. In muna da ƙorafi akwai lambar da ake tura saƙo, kwamiti zai zauna bayan kaka. Inna Asibi ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce in tambaye shi ko wanda ya karɓa ɗin masara ya shuka ko dawa, don takin ya fi karɓar masara. Sai ya kira na baya.

Alhamis da hantsi na iske ta a gona da daro a ka, toka ce da kashin awaki, tana bin gindin masara ɗaya bayan ɗaya tana zuba ɗan dunƙule. Na kai mata kwano huɗu daga takin da na saya a kasuwa, a cikin buhun da aka rubuta wa "ba na sayarwa ba ne" da manyan baƙaƙe. Mu biyun mun san ba zai kai ko kwatan gonar ba. Ta yi godiya kamar na kawo mota guda, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Muna cikin haka ta kwance haɓar zane ta miƙo mini wayar. Ta ce Esther ta daɗe tana neman hotonta, tunda yanzu fuskar ta washe in ɗauke ta in tura. Ta sauke daro, ta karkaɗe toka daga zane, ta gyara ɗankwali. Na ɗaga waya, sai ta ɗaga mini hannu.

"Malam, koma ta nan, ka ɗauko ni da mangwaron ga. Kada masarar ta hito."

Na koma ta inda ta ce. Hoton ya fito tas, tana dariya, ba za ka ce akwai gona a wurin ba.

To, masu tambaya ko a sa wa waya gilashi ko kada a sa, ga abin da na koyo da kazar mutane. In wayarka sabuwa ce, ɓare ledar ka sa gilashin, zai tare makulli da tsakuwa. In ta riga ta karce, gilashi ba zai mayar da ita yarinya ba. In kuma don taki ne, kada ka wahalar da kanka, mai karɓar naka ba ya bukatar waya. Jiya na ji Mai Girma Shugaban Kwamiti a rediyo yana cewa shirin ya yi nasara ɗari bisa ɗari, kowane manomi ya karɓa, ga shaida a na'ura. Ya ce baɗi za a ƙara tsaurarawa, da ƙwayar ido za a riƙa tantance mutane. Inna Asibi tana da yana a idon hagu. Ban gaya mata ba tukuna.